Inda Ka Kwantar Da Shi

Malam,

Assalamu alaikum, tare da fatan Allah ya sa kana cikin rahama. Na san ba za ka karanta wannan ba. Da kana raye ma dariyar rubutuna kake yi. Amma ba ni da wanda zan tambaya sai kai.

Gari yana nan yadda ka bar shi. Sojoji a kan titi, an hana acaɓa, taya in ta fashe sai kowa ya kwasa da gudu. Tun ranar da ka fita kasuwa aka dawo mana da gawarka ban ƙara barci mai nauyi ba. Ina gidan Yaya Sabo da yaran, suna ƙoƙari da mu.

An sayar da gidanmu na Jakara. Damina ta ka da soro da ɗaki biyu, 'yan'uwanka suka ce babu mai halin gyara. Ƙungiyar nan mai ɗan lambu a ƙarshen lungu ce ta saya. Za su faɗaɗa lambun, su haƙa wa unguwa burtsatse, ɗakin da ya rage a riƙa awon masu ciki. Duk matar da aka kashe wa miji za a ba ta fangali guda ta shuka. Ban ƙi ba. Alayyafo ya yi tsada, ruwa kuma sai an roƙi 'yan garuwa.

Sai da na ga diga da shebur a tsakar gida tambayar nan ta taso mini. Malam, a ina ka kwantar da yaron nan? Na farin, wanda bai kai suna ba. Ina ɗaki a kwance kai da Baba kuka zagaya baya da shi. Baba ya rasu, kai ma ka tafi. Sau nawa na kawo maka tuwo da tambayar a bakina, sai kunyar ɗan fari ta hana ni, in ajiye kwanon in fita? Kai ma ba ka taɓa faɗa ba. Ka zaci na manta ne?

Na daure na je wajen Hajiya Rabi, shugabar ƙungiyar, na faɗa mata kaina a ƙasa. Ta ce haba baiwar Allah, ai da na yi shiru da na ɗora musu alhaki, in zo in nuna wajen. Na tsaya tsakanin tsohuwar rijiya da katanga, na duba nan, na duba can, na kasa. Yayanka Alhaji Sani cewa ya yi ƙasa ta cinye tuntuni, kada in ɓata musu ciniki.

Hajiya ta hana a haƙa bayan ɗakin gaba ɗaya. A buhu za a yi shukar wajen, a jera bisa ƙasa. Wasu matan sun yi guna-guni, wai saboda ni an rage musu fili. Ban ga laifinsu ba, su ma bakuna suke ciyarwa.

Ni aka ba wa wajen. Buhunan da nauyi, bayana kuma ka san halinsa. Na shuka yakuwa da tattasai, sun fara fitowa. Da safe in zan shiga sai in cire takalmi in yi sallama, in rasa inda zan kalla.

Na gaji, Malam. In kun haɗu ka gaya masa kullum ina zuwa.

Sai Allah ya haɗa fuskokinmu.

Matarka da ka bari,
Asabe