Alhaji, Ka Faɗa wa Sabo Kafin Litinin

Zuwa ga Alhaji Shugaban Kwamitin Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta unguwarmu, Titin Bauchi, Jos.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali da sauran 'yan kwamiti. Ni ne Idi tela, mai shago a bakin tasha, wanda yake ɗinka wa ƙungiya riguna shekara tara ke nan. Ni ne kuma yayan Sabo, golanku. Sau uku na zo gidanka a makon nan, sau uku ana ce mini ka fita, alhali ga motarka a ƙofar gida. Shi ya sa na rubuta a fili, don lokaci ya ƙure mini.

Na ɗaya. Kun sanar cewa sai Asabar ta sama za ku liƙa sunayen mutum goma sha takwas da za su buga gasar kofi. To ni na riga na san su. Sakatarenku ya kawo mini yadi da takardar awo, lambobi kawai babu suna, wai don kada asiri ya tonu. Alhaji, tela kuka ɓoye wa suna? Kafaɗun nan duk na sha ɗora musu tef. Lamba biyar mai ƙirji inci arba'in da huɗu Obi ne, ɗan mai shagon katako, babu na biyunsa a unguwar nan. Lamba takwas gajere mai dogon wuya Gyang ne. Tara da goma 'yan biyun gidan mahauta ne. Haka na bi takardar har ƙasa, ina kiran sunan kowa a raina, na samu goma sha bakwai. Idan ranar Asabar na yi kuskuren mutum ɗaya, ku karɓe aikin ku kai wa wani.

Ta goma sha takwas ita ce rigar gola, kuma ita kaɗai ce. Ƙirji talatin da shida, hannu ashirin da bakwai. Wannan ba ƙanena ba ne. Dogon nan ne siriri da kuka ɗauko daga Bukuru watan jiya.

Na biyu. Ba na ja da zaɓinku. Mutumin Bukuru yana da tsalle, na gani da idona, kuma Sabo ya ba talatin baya, gwiwarsa ba kamar da ba. Amma tunda na fara, bari in faɗi abin da ya rage muku. Ba ku da mai buga hagu, duk wanda kuka sa a lamba goma sha ɗaya sai ya juya ƙwallo zuwa ƙafar dama kafin ya buga. Za ku shiga gasa da gola ɗaya tak, a fili mai tsakuwa kamar namu. Sannan ba ku da mai yi wa 'yan baya magana. Obi jarumi ne, amma idan ba a daka masa tsawa daga raga ba, sai ya bi ƙwallo har tsakiyar fili ya manta gida. Shekara tara muryar Sabo ce take dawo da shi.

Na uku, kuma nan ne abin yake ci mini rai, domin akwai laifina a ciki. Ranar da aka kawo yadin, ruwan ɗorawa na fara ɗauka, na gola, kamar yadda na saba kowace shekara. Ban ko duba takarda ba. Me zan duba? Na shata da alli, na sa almakashi, na yanka ƙirji arba'in da biyu, na buɗa bakin hannun hagu saboda wuyan hannun Sabo da ya karye yana tare muku fanareti. Na ɗinka, na goge, na rataye. Sai da na zauna yin sauran na buɗe takardar, na ga abin da na gani. Wallahi rabin yini ban iya taka keke ba.

Kafin in sauke rigar, Sabo ya biyo daga gareji. Ya gan ta, ya ciro, ya sa, ta zauna masa cif. Ya yi ta murna yana juyi a gaban madubi, yana cewa ai dama ya san Alhaji ba zai kunyata shi ba. Na zaunar da shi na gaya masa gaskiya, na nuna masa takardar. Ya ce takarda ba ta da suna, riga kuwa ga ta a jikinsa. Ya ce dama tun muna yara ban taɓa son ƙwallonsa ba, yanzu kuma na samu hanyar korarsa daga gari. Tun ranar bai sake taka shagona ba. Idan muka haɗu a masallaci sai ya canza sahu.

Na huɗu. Ka san an ba shi aikin kanikanci a wata masaƙa a Kaduna, aiki na dindindin har da ɗaki. An ce ya bayyana ranar Litinin mai zuwa, in bai je ba a ba wani. Yana da mata da 'ya'ya uku, garejin da yake kuwa yau a samu gobe a rasa. Ya ce ba zai je ba, saboda kai da bakinka, a gaban mutane bayan atisaye, ka dafa kafaɗarsa ka ce masa kofin bana da shi za a ɗauko. Wataƙila kai ka faɗa ne don daɗin baki. Shi kuwa ya riƙe ta da hannu biyu. Litinin ta riga Asabar ɗinku da kwana biyar. Ranar da zai tsaya gaban allo yana neman sunansa, aikin Kaduna ya riga ya tafi.

Saboda haka ga roƙona. Ba na neman ku mayar da shi cikin jerin don tausayi, shi ma ba zai so haka ba. Idan kuna da niyyar riƙe shi gola na biyu, ku faɗa, ku aiko da awo a rubuce. Idan babu, ka kira shi kai da kanka, ba sakatare ba, ba koci ba, kafin Lahadi da hantsi, lokacin da motar Kaduna take tashi. Ka dube shi ka gaya masa. Zai ji zafi, amma maganarka kaɗai zai yarda da ita yanzu, tawa ta riga ta faɗi.

Rigunanku goma sha takwas suna nan a ninke, har da ta mutumin Bukuru, a kan awonsa daidai. Ta goma sha tara tana wurin Sabo. Matarsa ta ce mini ya goge ta ya rataye a bayan ƙofa, kuma bai yarda kowa ya taɓa ba.

Allah ya ƙara maka lafiya da girma, ya ba ƙungiya sa'a a gasar nan, ya sa ka karanta wannan takarda yau ba gobe ba.

Wassalam.

Idi tela,
yayan Sabo.