Bismillar Da Na Yi A Gem, Na Ƙi Yin Ta A Kan Ragon Suna

Assalamu alaikum admin, da duk mai bibiyar wannan shafi. Don Allah a ɓoye sunana, sunayen da za ku gani a ciki ma duk na canza su. Roƙona ɗaya ne, ku karanta har ƙarshe kafin ku zage ni. Na san wasu da sun ga kalmar gem, wato wasan bidiyo, za su ce ga wani ƙaton banza ya rasa abin yi. Wallahi da dariya abin ya fara, amma yanzu ya wuce wasa.

Ni mahauci ne a unguwar Nima, gadon gidanmu ne. Tun ina ƙarami mahaifina yake riƙe hannuna a kan wuƙa, har ta kai ko daga barci aka tashe ni aka miƙo mini wuƙa, bakina zai riga hannuna: Bismillahi, Allahu Akbar. Ba tunani nake yi kafin in faɗa ba, da kanta take fitowa. Muna da bes a unguwar Maamobi da ke kusa da mu, wato bakin wani shago da muke zama bayan la'asar muna shan shayin ataya muna gardamar ƙwallo. Mai shagon, zan kira shi Basiru, abokina ne tun muna shan bulalar malami ɗaya, kuma shi ne mijin ƙanwata Rukayya. A ƙa'ida kunyata ya kamata ya riƙa ji tunda ni ne wan matarsa, amma wanda ya ga lokacin da kake kuka da majina a makaranta ina zai ji kunyarka?

Wani ɗan uwansa ne ya aiko masa da na'urar gem daga waje, da wani gem da aka ce duk duniya ana haukansa. Kai jarumi ne a ciki, da dokinka da takobinka, an sake ka a wata ƙasa mai faɗin gaske, dazuzzuka, duwatsu masu ƙanƙara, ƙauyuka, ka nufi duk inda ranka ya so. Kowa ka tsaya gabansa sai ya ɗora maka aiki: kashe mini 'yan fashi, nemo mini ɗana, tsinko mini ganyen magani. Bes ɗinmu gaba ɗaya ya haukace. An daina maganar ƙwallo, ataya na ƙonewa a kan kurfotin gawayi ba mai kulawa, manyan maza masu iyali suna rigima a kan wane sulke ya fi wane. Ni ma na karɓi pad, abin da ake riƙewa a sarrafa jarumin, na gwada, don ba na son a bar ni a baya. Amma gaskiya tun ranar farko ban ji komai ba. Tafiya ba ta ƙarewa, ga taswira cike da alamomi kamar an watsa gero, in nufi gabas in tsinci kaina a cikin kogi. Na wuni a tsaye ina sarar ƙashi a kasuwa, sannan in zo hutawa wani tsoho na cikin talabijin ya aike ni tsinko ganye? Su kuwa sai su ce, “Cale, aboki, ka daure, gaba ne daɗin yake.” Na daure. Na yi ta daurewa ina murmushin ƙarya, ina cewa ai gem ɗin ya haɗu, alhali raina a ɓace yake.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne farauta. Ka harbi barewa da kibiya, ta yi gudu jini na zuba, ta faɗi ta mutu, ka zo ka danna botin ɗaya a jikin pad, wai ka kwashi nama. Ka gasa ka ci, ƙarfinka ya dawo. Ni da idona ina kallon mushe! Sai na kama kaina ina zaburar doki don in cim mata da sauran ranta in yanka, ina danna wannan ina danna wancan, babu botin yanka. Ina cikin wannan lalube kyarketai suka yanyame ni suka yayyaga jarumin nawa. Basiru ya yi dariya har da riƙe ciki ya ce, “Kai kraa, Bature ne ya yi gem ɗin, ba sarkin fawa ba.” Ni ma na yi dariya, amma na ji zafinta.

Ranar da abin ya lalace, an ba ni aikin shiga sansanin 'yan fashi da sanɗa. Suka koya mini: ka durƙusa, ka bi bayan mai gadi, ka danna. Na bi bayan mutumin a hankali, bes ya yi tsit. Na danna. Jarumin ya toshe masa baki, ya ɗaga haɓarsa sama, ya ɗora wuƙa a maƙoshinsa, daidai yadda nake yi kullum da safe. Jama'a, ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Da ƙarfi, kowa na ji, na ce, “Bismillahi, Allahu Akbar!” Jini ya yi tsartuwa a talabijin, wurin ya fashe da ihu. Wani ya faɗo daga benci. Basiru yana hawayen dariya yana cewa, “Ya halatta! A zo a fiɗe, ɗan fashi ya halatta paa!” Daga ranar sunana ya koma Halal.

Abin da ban sani ba, Basiru yana ɗaukata a waya. Ya tura bidiyon a gurup ɗin bes, daga can ya bazu. Washegari a kasuwa wata mai waakye, wato shinkafa da wake, da take sayen nama a wurina ta tsaya gaban teburina ta ce, “Halal, naman yau na saniya ne ko na ɗan fashi?” Masu trotro, motocin haya, suna leƙo kai suna kira na. Wani dattijo abokin mahaifina ya ja ni gefe bayan azahar, bai ɗaga murya ba, ya ce, “Sunan Allah kake wasa da shi a kan zanen Turawa? Haka mahaifinka ya bar maka wuƙar?” Da marina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na rantse masa ba da gangan na yi ba, ya girgiza kai ya wuce.

Da yamma na je bes na ce wa Basiru ya goge. Yana riƙe da pad, ko kallona bai yi ba, ya ce, “Cale, ya riga ya tafi. Ka zama sananne, ka gode mini.” Sai ya kwaikwayi muryata, ya ja kabbarar yana danna botin. Ban tuna na yanke shawarar komai ba. Na fizge pad ɗin na kwaɗa masa a fuska, girarsa ta tsage, jini ya rufe masa ido. Ya yo kaina, muka ture kurfoti, butar ataya ta kife a ƙafar wani, gawayi ya watse. Na ɗaga shi na nana da ƙasa, na danne ƙirjinsa da gwiwata, ina naushi ina naushi, ina jin haƙorinsa yana yanka mini yatsu ban fasa ba. Kuma ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba: hannuna na hagu ya kama haɓarsa ya ɗaga sama, wuyansa ya miƙe, na ga jijiyar tana bugawa, hannuna na dama ya tafi ƙuguna inda nake soke wuƙa. Allah ya taimake ni na bar ta a kasuwa. Da tana jikina fa? Da yau me nake rubuto muku, kuma daga ina? Mutane suka ɓanɓare ni daga kansa, aka kai shi asibiti aka ɗinke girar.

Lokacin Rukayya tana da tsohon ciki. Mma, mahaifiyarmu, ta kira mu duka biyu ta zaunar, ta ce, “Yarinya ta kusa haihuwa, ku kuna fasa kai saboda wasan yara? Ku ba juna hannu a gabana.” Muka ba juna hannu. A baki na yafe, a ciki ban yafe ba. Na daina zuwa bes, amma ko ina daka nama sai in ji muryarsa yana jan kabbarar nan.

Rukayya ta haifi namiji. Ranar suna da safe lungu ya cika, an kafa rumfa, lasifika na tashi, mata na ta kai da kawo da tukwane. Limamin unguwa ya tsufa, hannunsa na rawa, sai ya miƙo mini wuƙa ya ce, “Kai ne kawun yaro, kai ne mahauci, yanka.” Ya raɗa mini sunan jaririn a kunne. Aka kayar da rago aka fuskantar da shi alƙibla. Basiru da kansa ya riƙe ƙafafun baya, da tabon ɗinki a girarsa, 'yan bes sun zagaye mu, biyu daga cikinsu sun ɗaga waya. Na kama haɓar rago, na ɗora wuƙa. Sai Basiru ya sunkuyo, ƙasa-ƙasa yadda liman ba zai ji ba, ya ce, “Halal, danna botin.” Na ji wani ya danne dariya ta hanci.

Ku fahimce ni da kyau, ba mantuwa na yi ba. Bismillar ta zo har bakina kamar kullum, ni na datse haƙora na mayar da ita. Na ce a raina wallahi ba za su sake jin ta daga bakina su yi dariya ba. Ban faɗe ta a fili ba, ban faɗe ta a zuci ba, sunan yaron ma ban ambata ba. Abin da ya fito ta tsakanin haƙorana shi ne, “Basiru, kai ne wannan.” Na ja wuƙar da ƙarfin da ban taɓa sa wa dabba ba, har ta kusa cire kan, jini ya feshe masa farar rigarsa. Ragon yana shure-shure, ni kuwa ina jin wani sanyi a ƙirjina, irin daɗin da suka yi ta cewa zan ji a gem ban taɓa ji ba. Hayaniya ta rufe komai, an ga leɓena ya motsa, kowa ya ɗauka na yi abin da ya kamata. Liman ya shafa fatiha, aka sanar da suna, mata suka rangaɗa guɗa.

Ni na fiɗe shi, ni na yayyanka. Ina kallo aka dafa, ina kallo liman ya ci, Mma ta ci, duk lungu aka ci da tuwo. Ni ban ci ba, na ce cikina ne ya ɓaci. Abin da na taso na sani a gidanmu shi ne, wanda ya manta bismilla an yi masa rangwame, wanda ya bar ta da gangan kuwa namansa ba ya ciyuwa. To ni da na bar ta da gangan, na kuma sa sunan mutum a gurbinta? Ni da na yi ta haushin mushen barewa ta ƙarya a talabijin, ni ne na ciyar da uwata abin da nake tsoron mushe ne na gaske. Shi kuma yaron, an yanka masa rago ke nan ko ba a yanka ba?

Abin da ya ƙarasa karya ni, bayan suna Basiru ya zo ɗakina ɗauke da na'urar a cikin jaka. Ya tsaya a bakin ƙofa yana sosa ƙeya ya ce, “Yaya, na yi maka laifi, har ranar suna ban bari ba. Ka yi haƙuri. Riƙe wannan a wurinka, ka buga kai kaɗai ba mai dariya, wallahi in ka wuce dajin nan za ka so shi.” Tunda muke bai taɓa ce mini Yaya ba sai ranar. Na karɓa na kasa kallon wuyansa. Na kunna bayan ya tafi, don in ga ko zan ji abin da suke ji. Jarumin yana tsaye a bakin daji, doki na cin ciyawa, mai gadi ya juya mini baya yana jira. Na riƙe pad, na kasa matsawa ko taku ɗaya, na kashe.

Yanzu ga inda nake. An soya cinyoyin ragon an ajiye wa mai jego a babbar roba, kamar yadda aka saba. Kullum da safe Rukayya tana ɗiba ta ci da kunu, sannan ta ba yaro nono. Yau na leƙa gaishe ta, ta miƙo mini tsoka ta ce, “Yaya, ci mana, yankanka ne. Naman da ka yanka daɗinsa daban ne kraa.” Na karɓa na sa a aljihu na ce sai anjima.

In na yi magana, dole a tambaye ni dalili, kuma labari ba ya kwana a Zongo, wato unguwanninmu. Wa zai sake sayen nama a teburin mahaucin da ya bar bismilla da gangan? Da wane baki zan gaya wa Basiru cewa wuyansa nake gani lokacin da nake yanka ragon ɗansa? Rukayya za ta sake yarda in ɗauki yaron nan? Na yi tunanin in sayi wani rago in yanka a ɓoye da sunan yaron, amma wannan ba zai fitar da abin da ke cikin robar ba. Na yi tunanin in sace robar in zubar, to sai a zargi wa? In kuma na yi shiru, ina zaune ina kallon ƙanwata tana ci tana sa mini albarka.

Malamai da ke wannan shafi, da iyaye, da duk wanda ya san zafin zuciya, ku gaya mini gaskiya ko da za ta yi mini ɗaci. Ko rabin naman ba ta ci ba tukuna, kuma gobe da safe za ta sake buɗe robar nan. Don girman Allah, me zan yi?