Sunan da Na Ara wa Hashim

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Ni Yusuf Isma'ila na unguwar Kabara nake rubuta wannan da hannuna, cikin hankalina, babu wanda ya matsa mini. Ƙodar ce ta gaji, kan kuwa lafiyarsa ƙalau. Zuwa gare ku 'ya'yana, Sa'adiyya da Naziru da Rukayya, mahaifiyarku Nana Hauwa kuma shaida ce.

Na ɗaya. Gidan nan da abin da ke cikinsa a raba yadda shari'a ta tanada. Limamin unguwa ya san yadda ake yi. Ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Na biyu. A akwatin ƙarfen ɗakina akwai ambulan mai ruwan ƙasa. Takardar rantsuwa ce da na yi a kotu ranar Litinin da ta wuce, ranar da na ce muku asibiti za ni. Ta baffanku Hashim ce. Dole in gaya muku asalinta, ko da za ku daina ganina da girman da kuke ganina.

Shekarar da aka zo ɗaukar soja, Hashim ba shi da takardar firamare. Shi Baba ya tura shi marina a Ƙofar Mata, ni aka sa boko. Sai na ba shi takardata ya shiga da ita. A lokacin ba a ɗauki wannan a bakin komai ba, ɗan'uwa ne ya taimaki ɗan'uwa. Ni kuma na koma makarantarmu na ce tawa ta ɓata, aka sake ba ni wata, na samu aikin akawu da ita. Tun daga nan gwamnati take da Yusuf Isma'ila guda biyu, suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya.

A yaƙin Saliyo nakiya ta ɗauke masa ƙafar hagu daga gwiwa, ta tafi da ido guda. Ya dawo yana karɓar ɗan fanshonsa, har zamanin tantancewa ya zo. Katinsa na ɗan ƙasa ya ce Hashim, fayil ɗin soja ya ce Yusuf. Aka tsayar da fanshon, aka ƙi ba shi diyyar nakasar da ya nema. Ya ɗaukaka ƙara gaban kwamitin tsofaffin sojoji, suka ce abu ɗaya suke so: mai sunan na asali ya rantse cewa shi ya ba da takardar.

Sau uku ya tako da sandunansa daga Ƙofar Mata zuwa nan. Sau ukun nan na zaunar da shi a soro, na sa aka dama masa fura, na ce lauya ya ce a dakata. Wallahi babu wani lauya. Tsoro na ji kada a taɓa nawa fanshon, kada kuma a ce Malam Yusuf na sahun gaba a masallaci ya taɓa yin cuwa-cuwar takardu. Shekara shida ke nan. Mutumin da ya amsa sunana harsashi yana wucewa ta kansa, na kasa tsaya masa na minti goma gaban alƙali. Na zalunci ƙanena, kuma ina sane na yi.

Na uku. Zaman ƙarshe na kwamitin ranar sha biyu ga Nuwamba ne, a Abuja. Daga shi an rufe fayil ɗin, babu sauran ƙara. Naziru, kai za ka kai takardar da hannunka, baffanka yana gefenka. Kada ka ba direban tasha, kada ka ce za ka ɗauki hotonta a waya ka tura. Na san halinka, ko ɗaurin aurenka sai da aka jira ka. Wannan karon ku tafi tun ana saura kwana biyu.

Na huɗu, kuma shi ne zai yi muku nauyi. In Allah ya karɓi raina kafin ranar nan, kada kowa ya je karɓo takardar shaidar mutuwata sai an gama zaman. In takarda ta fita cewa Yusuf Isma'ila ya rasu, ina tsoron wani ma'aikaci ya duba ya ga sunan sojansu ne, ya rubuta cewa mai ƙara ya mutu, alhali yana zaune a ƙofar ofishinsu. Na san haƙƙoƙina na aiki ba za su fito ba sai da takardar nan. Ku jira. Yana yiwuwa ma rantsuwar da na yi ta sa a hana ku su gaba ɗaya. In haka ta faru kada ku ga laifin baffanku, ni na jawo muku.

Na biyar. Sa'adiyya, tun bikin Rukayya kika daina gaida Zaituna matar baffanku, saboda ta faɗa gaban mata cewa ubanku ne ya sa suke kwana da yunwa. Kika zo mini kina kuka, na ce ki rabu da ita, baki gare ta. Gaskiya ta faɗa. Ita ta riƙe gidansu da sayar da ƙosai duk shekarun nan. Ki je ki durƙusa ki gaishe ta.

Allah ya yi muku albarka, ya ba ku masu yi muku biyayya kamar yadda kuka yi mini. Ku riƙe mahaifiyarku, ku riƙe juna, kada ƙafarku ta ɗauke daga Ƙofar Mata. Gidan nan da wancan gida ɗaya ne, ni na raba su.

Na yi niyyar kai masa ambulan ɗin da kaina, har na sa takalmi, kunya ta mayar da ni. Saboda haka ku ukun ku je yau, kada ku jira mutuwata. Rukayya, ke za ki karanta masa wannan wasiyyar, a hankali, don kunnensa ya yi nauyi. In ya ce ya yafe mini, ku dawo da sauri ku gaya mini. In bai ce ba, kada ku roƙe shi, kada ku tuna masa cewa ina kwance. Ku kai takardar Abuja kawai.

Mahaifinku,
Yusuf Isma'ila