Kamu Bakwai na Ƙasa don Taisiya

Zuwa ga:
Mai Girma Hariharan Tripati,
Shugaban Hukumar Garin Lohagar,
kuma Uban Ƙungiyar Zumuncin Indiya da Rasha.

Daga:
Debabrata Mahanti, injiniya, masana'antar ƙarfe.

11 ga Afrilu, 1973.

Game da: hana matata wurin binnewa.

Yallaɓai,

Jiya na zagaya garin nan da amalanke. Abin da ke ciki: gawar matata Taisiya, ƙanƙara cikin buhun algarara, shebur, da ƙullin ƙasar garinsu da ta taho da shi lokacin da na gama karatu a Rasha muka dawo tare. Ta rasu ranar 9 ga wata. Wasiyyarta ɗaya ce: kada a ƙone ta, a binne ta kamar yadda aka binne uwarta. Cikin ladabi nake gabatar da ƙorafina.

1. Na fara da unguwar Rashawa. A ƙofarta an rubuta "Hindi-Rusi bhai-bhai", Indiya da Rasha 'yan'uwa ne, da jan fenti. Jami'insu bai bari na wuce ƙofar ba. Ya ce jirgi na mayar da gawar ma'aikatansu ne kawai, ita kuwa tun da ta auri ɗan ƙasa ta zama tamu. Da harshensu na yi masa magana, ya amsa ta bakin tafinta.

2. Mai kula da maƙabartar coci ya ce mutanen ƙasarta ba su san Allah ba, ba zai haɗa ta da masu imani ba.

3. Dangina sun ce wuta ce hanyarmu, ko da ba ta so. Mai kula da wurin ƙona gawa ma ya raba gardama, ya ce ba ya ɗora mai cin naman shanu a kan itacensa.

4. Ofishinka ya ce in dawo bayan Makon Zumunci, domin duk ma'aikata suna can suna kafa tutoci. Yallaɓai ya san zafin Afrilu. Ƙanƙarar tana narkewa.

5. Kowace shekara ƙungiyarka takan aiko mota ta ɗauke ta, a naɗa mata sari, zanen matan ƙasar nan, a rataya mata furanni, a tsayar da ita kusa da kai. Kai da bakinka ka kira ta ƙanwa a gaban jama'a. Hoton yana bangon ofishinka, na gan shi jiya ina tsaye.

Saboda haka ina roƙon a ba ni kamu bakwai na ƙasa, ko'ina ne cikin garin nan, kafin azahar ɗin gobe. Ba na buƙatar ta'aziyya.

Da safiyar yau sakataren ƙungiyarka ya zo gidana da furanni. Yana tsaye, ruwan ƙanƙara na bi ta ƙarƙashin takalmansa, ya tambaye ni ko zan yi wa baƙi tafinta a taron Makon Zumunci gobe kamar kullum. Na rufe ƙofa.

Zan zo taron. In ban sami amsa ba, da amalanken zan zo, in haƙa kabarin a Lambun Zumunci, a gindin babban allon nan na "bhai-bhai" da ya ce ita 'yar'uwarku ce. Wanda ke ganin ƙarya allon ya yi, sai ya karɓe shebur ɗin a gaban baƙi.

Da dukkan girmamawa,

Debabrata Mahanti.