Kafin Jirgin Dinko Ya Bar Murter

Murter, watan Maris

Yaya Zorka,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan ƙafarki ta yi sauƙi, sanyin Osijek kuma ya sake ku. Ki gaida mai gidanki.

Kin ce in faɗa miki wane ne wannan mutumin da na aura ban gayyaci kowa ba. Sunansa Dinko, ɗan masunci ne, ya ba sittin baya. Duk rayuwarsa bakanike ne a jirgin fito, daga birnin Split zuwa tsibiri, daga tsibiri zuwa Split, yana can ƙasa wurin inji, ko ruwan ba ya gani. Bai taɓa aure ba. Mahaifiyarsa ta daɗe a kwance, shi ya yi jinyarta har ta rasu. Nawa kuwa kin sani: na ƙarar da ƙarfina a gidajen tsofaffi a Jamus, ina juya mutane a gado ina yi musu wanka, na dawo ba miji ba ɗa, sai ciwon baya.

Yana da tsohon jirgin ruwa mai tafiya da ƙarfin iska. Muna gyara shi a nan tsibirin Murter, mu fita ta mashigin Gibraltar mu ƙetare babban teku. Kullum kankare tsatsa da shafa fenti, hannuwana duk sun tsage. Da yamma ko magana ba ma iya yi, mu ci burodi da kifi mu kwanta.

Ƙanwarki, Nevenka

Osijek, watan Afrilu

Nena,

Muna lafiya, ƙafa tana nan yadda kika san ta.

Ke da ko a kogin Drava ba ki taɓa shiga ya wuce gwiwa ba, ke ce za ki ƙetare teku? Lokacin da Baba ya daina gane mu kina Jamus, ni kaɗai na yi ta fama. Ban taɓa yi miki gori ba. Na ce idan kin dawo ma zauna tare mu huta, sai ga shi kin samo wata wahalar. Wasiƙarki ba ta yi kama da ta amarya ba, ta mai neman wurin kwanciya ce. Me kuke nema a can wanda babu a nan?

Ki gaida shi, tunda dole.

Zorka

Murter, watan Yuni

Yaya,

Na gode da wasiƙarki, ki yafe jinkirin amsa.

Hannun Dinko na dama yana rawa. Na lura tun bazara, in ya zauna shiru sai yatsunsa su kama motsi su kaɗai. Na ga irin wannan hannun sau da yawa a wurin aiki, ban buƙaci a faɗa mini ba. Na dai ja shi asibiti a garin Šibenik, likita ya tabbatar. Ciwon ba ya warkewa, a hankali yake cin mutum.

A hanyar dawowa ya ce, "Nena, ki tafi wurin yayarki."

Na ce, "In yi me?"

Ya ce, "Na san abin da ke gaba, na yi wa tsohuwata. Kin gama wanke tsofaffi, ba zan zame miki na ƙarshe ba."

Na ce, "Ka yi shiru, ka kama sitiyari da hannu biyu."

Amma Yaya, ke zan faɗa wa gaskiya. Da likita yake magana, ba tausayinsa na fara ji ba. Gajiya na ji, irin wadda ke hana mutum tashi daga kujera. Kin tambayi abin da muke nema. Shi yana so ya ga ruwan da ba ya komowa Split da yamma. Ni ina son safiya ɗaya da ba wanda ke jiran in ɗaga shi. Tawa kam ta wuce.

Nevenka

Osijek, watan Yuli

Ƙanwata,

Na karanta, na ajiye, na sake karantawa.

Da niyyar in ce ki kawo shi nan na zauna rubutu. Sai na tuna Baba a bakin taga, kullum yana tambaya yaushe za a kai shi gona, mu kuma muna cewa gobe. Ba mu kai shi ba.

Jinya dai za ki yi, a tudu ko a ruwa. Abu ɗaya nake roƙo: kada ku tashi sai kin iya jirgin nan ke kaɗai, yana zaune bai taɓa komai ba. Ranar da abin ya fi ƙarfinki kuma, ki rubuto, kada ki yi mini irin zurfin cikinki na Jamus.

Allah ya tsare. Ki gaida Dinko da kyau.

Yayarki, Zorka

Almería, watan Oktoba

Yaya,

Muna lafiya. Mun bar Murter, ga mu a Almería. Ni na shigo da jirgin tashar nan, yana zaune ya danne hannuwansa a cinya, yana cije leɓe. Ya ce na kusa kashe shi, amma ban daki komai ba.

Yanzu ni nake saka masa maɓallin riga da safe, shi kuma ya faɗa mini inda iska za ta juya. Bayana yana ciwo. Jibi sai Gibraltar, a can za mu zauna mu duba hannun, mu ga ko za mu wuce.

Nena