Alhaji, a Zo da Mukullin Ɗaki na Shida

Zuwa ga Alhaji, mai gidan haya mai ɗaki goma sha biyu da ke layin bayan firamare, a Panshekara.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan Alhaji yana lafiya, da iyali, da harkokin kasuwa, da shanun kiwo. Da gangan na sa shanun a cikin gaisuwa, domin a iya zamana a gidanku na lura cikinsu ne ya fi damun ku.

Ranku ya daɗe, ni ne Sabi'u mai ɗaki na biyar, ina aiki a kan injin saƙa a wata masaƙa da ke Challawa. Na san ba ku san fuskata ba. Shekarata huɗu a gidanku, sau biyu na taɓa ganin ku, duka biyun kuna cikin mota. Ban rubuta sunanku a nan ba saboda girman furfura, amma duk mai salla a masallacin layinmu zai gane gidan. Na rubuto a fili ne saboda a fili aka ci mutuncin iyalina. Wakilinku Malam Ɗanjuma ya miƙo mini takardar tashi, wai in bar muku ɗaki a ƙarshen wata, dalilin da aka rubuta a jiki kuwa shi ne ƙazantar iyali. Bai tsaya nan ba, sai da ya maimaita a ƙofar masallaci bayan sallar la'asar, wai matata ce ta tara muku kyankyasai a gida. To, tunda an kai maganar gaban jama'a, bari jama'a su ji ta daga farko.

Na ɗaya. Lokacin da na kama ɗakin nan babu kyankyaso sai irin wanda ba a rasawa a kowane gida, ɗaya ko biyu a makewayi, ka sa takalmi ka murƙushe, shi ke nan. Ɗaki na shida, wanda muke bango ɗaya da shi, wani direba ne a ciki. Da ya tashi ba ku sa kowa ba, kuka mayar da shi sito. Kuna sayo dusa da ƙuli-ƙulin kamfani daga Bompai lokacin da suke araha, a jibge buhu kan buhu har rufi, a garƙame da kwaɗo, a riƙa ɗiba ana kai wa shanun da kuke turkewa. Kwanon ɗakin yana yoyo. Damina biyu ke nan ruwa yana sauka a kan buhunan, taga a rufe, babu mai leƙawa sai ranar ɗiba. Alhaji, ko da gangan mutum ya tashi kiwon kyankyasai, wallahi ba zai yi musu gatan da ya wuce wannan ba.

Idan na yi dutin dare na dawo na kwanta da hantsi, da rana tsaka suke bin ƙafata. Su ma duti uku suke yi kamar mu. Sun shiga rediyona sun yi ƙwai har ta daina magana. Sun cinye gefen takardar ɗaukata aiki da ke cikin akwati. Garin tuwo sai an tankaɗe sau biyu, man ja sai an tace. Ta wata ɓaraka a gindin bangon da ya raba ni da sitonku suke fitowa a jere, na sayi siminti na toshe, suka koma ta sama suna zubowa daga silin. Ga kuma warinsu da ya kama kayan sawa, har wanda muke inji ɗaya da shi ya tambaye ni ko a sito nake kwana. Na ce masa a'a, maƙwabtaka muke yi.

Ita kuwa matar da ake kira ƙazama, ba zan sa sunanta a takarda ba, uwar Binta ce ga waɗanda suka san mu. Sau uku take shara a yini. Kwanon da ta wanke ta kife jiya, yau sai ta sake wanke shi kafin ta zuba abinci. Ƙafafun gadonmu a cikin gwangwanaye suke da kananzir a ciki, dabararta ce. Hannuwanta sun tsattsage da toka da sabulu, duk wadda ta gaisa da ita ta sani.

Na biyu, maganar feshi. Duk ƙarshen wata ina miƙa wa Malam Ɗanjuma naira goma sha biyar ɗinku ina faɗa masa halin da muke ciki, shi kuma ya ce za a duba in Allah Ya so. Za a duba ɗin nan sai da ta cika shekara. Bayan ƙaramar salla sai ga shi da ɗan famfon feshi na hannu da wani ruwa a kwalbar lemo, ba suna ba takarda, wai abokinsa ne ya samo masa a wani kamfani a Sharaɗa. Ya fesa soro, ya fesa makewayi, ya fesa tsakar gida, ya fesa gindin ƙofar ɗaki na shida daga waje. Na ce masa a buɗe ɗakin mana, ai can ne gidansu. Ya ce mukulli yana wurin Alhaji, kuma ai ba a fesa magani a kan abincin dabba. Kun ji fa! Abincin shanu ba a taɓa shi, amma daɓen da 'ya'yanmu suke rarrafe a kai ya sha feshi har yana ƙyalli.

Kyankyasan da maganin ya taɓa suka fito suna tangaɗi. Kajin Maman Bitrus, matar mai ɗaki na biyu, suka bi suna tsinta. Kafin magariba kaji uku sun miƙe ƙafa. Baiwar Allah ta tsaya a tsakar gida riƙe da su, tana faɗa da Hausarta ta Jos cewa wannan dai maganin kaza ne aka kawo mana, kyankyaso bai san ana yi ba. Har yau babu wanda ya ce mata sannu. Bayan kwana uku kyankyasai suka dawo, ina jin har da baƙi suka zo.

Na uku, kuma wannan ne ya sa na ɗauki biro. Da na ga abin ya wuce wasa, na nemi hutun yini guda na je ofishin duba-gari na kai ƙara. Ban ɓoye kaina ba, da sunana na kai. Suka sa ranar Talata, suka aiko muku da takarda kamar yadda tsarinsu yake. Ranar Litinin da yamma na dawo daga aiki na tarar da mai fenti a kan benci, yana rubuta wa ƙofar gidanmu manyan baƙaƙe da jan fenti: BA A SHIGA, GIDAN MATAN AURE NE.

Ikon Allah! Alhaji, yaushe gidan nan ya zama gidan ba-shiga? Ɗakuna huɗun ƙarshe samari ne a ciki, ku kuka sa su, kullum safiya suna wucewa ta gaban matanmu da tawul a wuya. 'Yan dakonku suna faɗowa da buhu a ka, ba riga ba sallama, matanmu su bar tukunya a wuta su ruga ɗaki. Shi kansa Malam Ɗanjuma har bakin labule yake zuwa. Da muka yi ƙorafi a kan 'yan dakon nan, cewa aka yi gidan haya ne, wanda yake son kulle ya je ya gina nasa. Shekara huɗu mutuncin matanmu bai kai a saya masa gwangwanin fenti ba, sai ranar jajiberin da za a leƙa sitonku.

Ranar Talatar duk mu masu aure muna dutin safe, wakilinku kuma ya sani, don ya fi fomanmu, mai raba mana aiki, sanin dutin kowa a gidan. Maman Bitrus ta tafi kasuwa. Duba-garin da ya zo mutum ne mai kunya. Ya ga rubutu ja, fenti bai ma gama bushewa ba, ya ja ya tsaya a soro. Ni ban ga laifinsa ba. Wane ɗan mutunci ne zai tsallake wannan rubutu ya faɗa wa matan mutane mazansu ba sa nan? Malam Ɗanjuma ya shimfiɗa masa tabarma a soron da aka share aka yayyafa wa ruwa, ya gaya masa gida lafiya lau, iyali ɗaya ne kawai ba su san tsafta ba, wai mijin ne ma ya ruga ya kai ƙara don ya rufa wa matarsa asiri. Uwar Binta tana tsaye a bayan ƙofar ciki. Ta ji kowace kalma, kuma ba ta da halin ta fito ta kare kanta a gaban baƙon namiji, domin ita da gaske take kiyaye abin da ku kuka sa aka rubuta da fenti. Ranar Alhamis takardar tashi ta iso.

Na huɗu. Kun san abin da kalmar ƙazanta take jawo wa ɗan haya a garin nan? Masu gidaje suna tambayar juna. Gida biyu na je neman ɗaki, ɗaya a nan, ɗaya a Na'ibawa. Da na faɗi gidan da zan baro sai a ce in dawo jibi, in na koma a ce an bayar. Uwar Binta kuwa tun ranar ba ta sake zama a tsakar gida ba. An yi suna a ɗaki na uku ta ƙi taɓa girki, ita da kowane biki ake damƙa wa tukunyar miya. Ta ce ba ta so wani ya ɗebo loma ya tsaya yana dubawa. Abin nan ya ƙona mini rai, Alhaji, ya fi takardar tashin yi mini ciwo nesa ba kusa ba.

Ni ba lauya ba ne, a aji bakwai karatuna ya tsaya. Amma na san sharar ɗakina tawa ce, ban taɓa cewa ku zo ku share mini ba. Na san kuma rufi da bango da duk abin da yake fitowa daga ɗakin da kuka kulle da hannunku, wannan nauyin mai karɓar haya ne. Ba a kuma korar mutum don ya kai kuka wurin hukuma. In ana yi, to a rufe ofishin duba-gari kowa ya huta.

Saboda haka ga abin da muka shirya. Ina sanar da ku da wuri, ko da yake mun ga irin aikin da kuke yi da sanarwa. Ranar Talata mai zuwa, mu magidanta biyar na gidan mun yi musayar duti da abokan aikinmu, za mu yini a gida. Matanmu duka, da izininmu, za su tafi gidan yayata a Zawaciki daga safe zuwa la'asar, su da yara. Maman Bitrus ta ce ita ma za ta bi su, ko da yake babu ruwanta da kulle, don kada a samu mace ko ɗaya da za a fake da ita. Na koma ofishin duba-gari na yi musu bayani, sun yarda za su dawo. Mai unguwa da liman ma sun ce za su zo.

Roƙona ga Alhaji shi ne, ku zo da kanku, ku taho da mukullin ɗaki na shida. Kada a ce ya ɓata, don mai ɗaki na huɗu makaniki ne, ya ce zai taimaka. A kwashe buhunan, a gyara rufin, a kira waɗanda suka san aikin su fesa gidan gaba ɗaya a rana ɗaya, ba mutum ba kaza a ciki. A janye takardar tashin nan. Malam Ɗanjuma ya koma daidai inda ya tsaya a ƙofar masallaci, bayan la'asar ɗin, ya janye abin da ya faɗa da muryar da ya faɗe shi. Rubutun ƙofa kuwa, in kuna nufinsa a bar shi, ya fara aiki a kan 'yan dakonku. In ba ku nufinsa a goge, a daina wasa da mutuncin matan mutane.

Ni kuma ga nawa alkawarin, liman ne shaida. A fara da ɗakina. A ɗaga gado, a buɗe akwati, a sauke jeren kwanuka. In aka samu gidan kyankyasai a wurina, ba zan jira ƙarshen wata ba, a ranar zan kwashe kayana, kuma ni zan tsaya a ƙofar masallaci in ce Alhaji ya yi gaskiya. In an gama da nawa sai a matsa taku uku zuwa naku.

Da na karanta wa uwar Binta wasiƙar nan, ta saurara har na kai ƙarshe. Sannan ta ce in ƙara muku abu ɗaya. Ta ce ranar Talatar ba za ta yi shara ba, ba za ta taɓa kwano ko ɗaya ba, tashi za ta yi ta ɗauki mayafinta ta fita ta bar ƙofa a buɗe, don kada wani ya ce shiri ta yi. Ta ce a shiga a ga ɗakinta yadda ya kwana.

Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya da nisan kwana, Ya albarkaci dukiyarku, Ya haɗa ku da wakili mai tsoronSa. Allah Ya tsare matan gidanku daga ranar da za su ji ana yi da su suna tsaye a bayan ƙofa, babu halin amsawa. Amin.

Wassalam.

Naku,
Sabi'u, ɗaki na biyar.