Tuwo a ƙofar gida

Daren Talata, watana na uku a Faransa.

Tuwon ɗiyata Falmata ba laifi, amma ni kaɗai a tebur ba ya wuce mini maƙogwaro. Likita kuwa ya ce in ban ci ba, maganin da nake sha banza ne.

Yau da ta tafi aiki na sauko da kwanona ƙofar gida, yadda ubana da kakana suke yi a garinmu Dogo. Duk mai wucewa na ce masa bismilla. Ba wanda ya tsaya, sai wata tsohuwa da ta sunkuya ta ajiye mini kuɗi.

Da Falmata ta dawo ta ji, ta ce, "Haba Baba, nan ba a yin haka."

Na ce, "To da wa zan ci?"

Tuwon yana nan cikin sanyin firigo, ya sandare.